Ɗan gadar da ka tsinta ba maraya ba ne

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka tsinci ɗan gada kwance shi kaɗai a bakin gona, dattawan unguwa suka ce ka mayar, kana tambaya ko camfi ne. Babu camfi a ciki. Ka mayar da shi yau, kafin magariba.

Gada ba ta yawo da sabuwar haihuwa. Ɓoye ɗan take cikin duhuwa ta tafi kiwo, sai lokaci-lokaci ta zo ta shayar. Wannan lafewar da ka ga ya yi, ko kunne ba ya kaɗawa, ita ke tsare shi daga dila. Zomanya ma haka take, sau ɗaya take leƙo 'ya'yanta, bayan faɗuwar rana, na 'yan mintoci.

Ka ajiye shi daidai inda ka ɗauke shi, ka ɗaure kare, ka kori yara, kai ma ka bar wurin. Muddin mutum na tsaye uwar ba za ta fito ba. Da safe ka koma. In ba ya nan, ta ɗauke abinta. In ka tarar yana kuka ba ƙaƙƙautawa, ko da rauni ƙudaje na binsa, sai ka nemi ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi. Kada ka ɗura masa madarar shanu, balle koko. Zawo da kumburin ciki ke biyowa, in kuma aka ɗage kansa aka ɗura, ya ƙware, madarar ta gangara huhu. Ta nan ake rasa su, wai kuma da sunan tausayi.

Farautar gayya da rani ake yinta, bayan an kawar da amfanin gona. Da shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗuwa, daji ya zama na masu jego: zabuwar daji ta hau ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, kusan mako huɗu take kwanci, in aka dame ta kuwa sai ta bar sheƙar. Addini ma ya zo ya tarar da wannan. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'ya biyu, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata.

Ka gaya wa ƙannenka masu danƙo: ɗan tsuntsun da ya faɗo tsirara a mayar da shi sheƙa, taɓawar hannu ba ta sa uwar ta ƙi shi. Wanda ya yi gashi yana tsalle a ƙasa kuwa koyon tashi yake, iyayen na kan reshe suna kallo. Kyanwa kawai za a kora.