Wa ke riƙe da lardin Bingöl, mutanen wurin ko Ankara?

Tambaya: Malam, na ji an ce yawancin mutanen lardin Bingöl da ke gabashin Turkiyya Zazanci da Kurdanci suke yi. Shin suna da gwamnatin kansu kamar Kurdawan Iraƙi?

Amsa: Ba su da ita, ɗan'uwa. Turkiyya ba tarayya ba ce, kuma yawan masu wani harshe ba ya ba lardi ikon kansa. Gwamna, wanda suke kira vali, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. Gundumomin lardin 8 ne: ta tsakiya tana hannun gwamna kai tsaye, sauran (Genç, Solhan, Karlıova, Kiğı, Adaklı, Yayladere da Yedisu) kowacce da kantoman da Ankara ta turo, wato kaymakam. Abin da jama'a ke zaɓa shi ne magajin gari, 'yan majalisar lardi, da muhtar, mai kula da ƙauye ko unguwa. Tsaro da makarantu kuwa na gwamnatin tsakiya ne.

Da ba haka abin yake ba. Bayan yaƙin Çaldıran na 1514 da suka ci sarkin Farisa, Usmaniyawan Turkiyya (Ottoman) sun bar sarakunan gargajiya na yankin suna gadon sarauta muddin sun yi mubaya'a, sai a ƙarni na 19 aka karya su. Tawayen da Shehu Sa'id, wani malamin ɗariƙa na yankin, ya jagoranta a 1925 ne ya sauya taswirar baki ɗaya, domin garin Genç, wanda cibiyar wani lardi ne mai zaman kansa a lokacin, shi 'yan tawayen suka ayyana a matsayin hedikwatarsu. Aka rushe lardin a 1926, aka yi ta liƙa yankunansa ga maƙwabta, har aka kafa Bingöl a 1936 da cibiya a Çapakçur, wato birnin Bingöl na yau. A ganina, wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da tsaro ke gaban komai a mulkin wurin ba.

Kada kuma a ɗauki mutanen duk ɗaya. Zazanci ya fi ƙarfi a Genç, Solhan da tsakiya, inda mafi yawa 'yan Sunna ne mabiya Shafi'iyya. Kurmanci, wani karin Kurdanci, ya fi yawa a Karlıova. Wajen Kiğı da Yayladere akwai mabiya aƙidar Alevi da dama, wadda ta bambanta da ta 'yan Sunna. Wasu Zazawa na kiran kansu Kurdawa, wasu ba su yarda ba.

Harshen ofis Turkanci ne kaɗai. Tun 2012 ana iya ɗaukar Zazanci ko Kurmanci a matsayin darasin zaɓi, amma inda ba malami, ko ɗalibai ba su cika adadin da doka ta gindaya ba, ajin ba ya buɗewa, kuma ƙauyuka ne wannan ya fi cutarwa.