Ƙwan enaji a kan dima: yana kyaftawa, har da warin ƙuna a ɗakin yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Mun tare a wani gida a Agege da ke Legas, muka tarar da makunni mai murɗawa, wato dima, a falo da ɗakin yara. Saboda kuɗin mita na cire ƙwayaye masu zafin da ke ciki, na sa na enaji masu lanƙwasar nan. Tun daga ranar suke kyaftawa suna wata 'yar ƙara. Shekaranjiya na ji warin ƙonanniyar roba a ɗakin yara, da na duba gindin ƙwan ya yi baƙi. Mai gyara ya ce ba komai, in dai na murɗa dimar har ƙarshe na bar ta a nan. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwargida, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kashe makunnin ɗakin yaran yanzu, ki bari ƙwan ya huce, ki kwance shi. Na falon ma haka. Gara a kwana da tocila yau.

Maganar mai gyaran nan ta fi komai ɓata mini rai a wannan sana'a, don kusan kullum sai na ji ta, daga Mile 12 har Idi-Araba: wai in an ƙure dima ta zama makunni. Ba ta zama ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Dima datse wannan wutar take yi. A kowane rabin zagaye sai ta tare ta na ɗan lokaci, sannan ta sake ta farat ɗaya, sau 100 ke nan a daƙiƙa guda. Murɗawar da kike yi tsawon tarewar kawai take canzawa. Ko kin kai ta maƙura, sai wuta ta ɗan hau kafin dimar ta buɗe mata hanya, saboda haka datsewar tana nan, raguwa kawai ta yi.

Tsohon ƙwai mai zare wannan bai dame shi ba, zarensa ya yi zafi ya ba da haske, shi ke nan. Ƙwan enaji kuwa, dubi farar robar nan mai kauri da ke gindinsa. Akwai ɗan allon lantarki a ciki, da kafasita mai tara wuta. Duk sanda dima ta saki wuta farat ɗaya, kafasitar sai ta zuƙe ta da ƙarfin da ya ninka wanda aka ƙera ta dominsa. Ƙarar da kike ji ke nan, kyaftawar ke nan. Kayan ciki su yi ta ɗaukar zafi a cikin robar da ba ta da mashigar iska. Na sha fasa irinsu: kafasita ta kumbura kanta ya tsage, allon ya dafe, holdar da aka ɗaura ƙwan ta gasu har tana marmashewa a hannu. Kuma kada ki jira bireka, mai katse wuta da kanta in an ja da yawa, ta faɗi ta cece ki, wutar da ake ja ba ta kai ta kayar da ita ba, zafin a wuri guda yake taruwa. A saman wurin kuma silin ne, da katako da ƙura, yara suna barci a ƙasa. Wanda ya ji an ce an shaƙi warin ƙuna ya ce ba komai, bai cancanci riƙe sukundireba ba.

Masu irin wannan aiki suna da wasu dabarun, ki san su. Wani zai haɗa ƙwai mai zare guda a layin don kyaftawar ta tsaya. Za ta iya tsayawa, amma datsewar ba ta je ko'ina ba, alamar kawai ya ɓoye miki. Wani zai cire dimar ya sa regiletar fanka, alhali ba don fitila aka yi ta ba. Wani ya ɗora wa NEPA laifi. Gaskiya ne wuta mai rauni tana sa ƙwai kyaftawa, amma ki leƙa kicin da banɗaki: in nasu suna ci lafiya, to laifin na dima ne.

Mafita mafi arha ita ce a cire dimar a sa makunni na yau da kullum, a canza holdar da ta ƙone, a yanke bakin wayar da ya dafe. Aikin bai kai awa guda ba. Sai dai a kashe wuta daga babban makunni, a tabbatar janareta da inbata ba sa kan layin. Daga nan kowane ƙwai kika sa zai zauna. Don hasken dare kuma, 'yar fitilar soket mai wat 1 ta wadatar da yara.

In kuma lallai kina son dima, sai a canza abu biyu tare. Ƙwan ya zama LED wanda aka buga Dimmable a kwalinsa, in babu wannan rubutun ki ɗauka ba ya yi, ko da mai shago ya rantse. Dimar ma ta zama ta LED, galibi za ki ga haruffan RC a jikinta. Tsofaffin dima da yawa sai an ɗora musu aƙalla wat 40 ko 60 suke aiki daidai, ƙwan LED guda kuwa wat 9 ne. Kada kuma a cika wa dimar kaya: mai lamba wat 400, mu kan tsaya a wajen wat 40 na LED. Ƙwayayen layi ɗaya su zama iri ɗaya. In a kasuwar Alaba za a saya, a sa mai shago ya haɗa ƙwan da dimar a gwada a gaban mai saye, a karɓi rasit, don kwali ba ya wuyar bugawa. Ki sani kuma ƙaramin janareta da inbata mai arha wutarsu ba ta da tsabta, ko dima mai kyau takan yi ƙara a kansu.

Niyyarki ta rage kuɗin mita daidai ce. Ƙwai mai zare na wat 60 da ke ci awa 6 kullum yana shan yunit 10.8 a wata, LED mai wat 9 da ke ba da haske kusan daidai da shi bai kai yunit 2 ba. Ga wanda ke Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi biyan kuɗi, inda yunit ya haura naira 200 a 2024, bambancin a wannan farashin ya kai kimanin naira 2,000 a wata a kan ƙwai guda.

Ƙwayayen enajin da za ki cire kuma kada yara su yi wasa da su, akwai ɗan sinadarin makuri a cikin gilashinsu. Ki naɗe su a jarida ki sa a kwali. In wani ya fashe, ki fitar da yara, ki buɗe taga na minti 15, ki kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.