Malami ya sa ni a gaba a kwalejin Amurka, in ajiye darasinsa in huta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a wata kwalejin al'umma ta shekara biyu a Amurka da bizar ɗalibai ta F-1. Wani malami ya sa ni a gaba tun farkon zango. In na yi tambaya sai ya kwaikwayi maganata, 'yan aji su kwashe da dariya. Aikin da muka yi tare da wani Bature, ya ba shi A ya ba ni C. 'Yan'uwa a masallaci sun ce kada in kuskura in kai ƙara, za a soke mini biza, gara in ajiye darasin in huta. Kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa) nake da shi wannan zangon. Wallahi barci ma ya gagare ni.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kada ka taɓa darasin nan. Shawarar da aka ba ka ita ce za ta iya cinye maka bizar da kake ƙoƙarin karewa.

Kullum sai na ci karo da wannan magana, kuma daga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe takardar I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin waje don bizarsa, sun karanta ba. Mai bizar F-1 wajibi ne ya riƙe cikakken karatu, wato aƙalla kiredit 12 a zango. Kai a kan layin kake daidai. In ka ajiye darasi mai kiredit 3, ka koma 9. Jami'in kula da ɗaliban waje, wanda ake kira DSO, doka ta ɗora masa shigar da wannan a rajistar gwamnati ta SEVIS, kuma yana iya rufe rajistarka. Na'urar ba ta tambayar ko malami ya ci maka mutunci, lamba kawai take gani. Ana iya rage kiredit, amma da izinin DSO tun kafin ka ajiye, kuma da dalilai ƙididdigaggu irin su rashin lafiya da takardar likita, wahalar Turanci a farkon zuwa, sa ka a ajin da ba matakinka ba, ko zangon ƙarshe. Rashin jituwa da malami ba ya ciki. Ko da darussan intanet za ka cike gurbin, darasi ɗaya tak ake ƙirga maka cikin 12 ɗin. Wanda aka rufe wa rajista sai ya cike fom I-539 na neman a maido masa da matsayinsa na ɗalibi, ya biya kuɗi ya zauna jiran tsammani, ko ya tattara ya bar ƙasar. Masu ba ka shawarar ba za su biya maka ko kwabo ba.

Kai ƙara kuwa ba ya cikin abubuwan da ke rufe rajista. Babi na 6 na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ya haramta wariya saboda launin fata ko ƙasar asali a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma kariyar ta shafi duk wanda ke cikin Amurka, ɗan ƙasa ko baƙo. Ramuwar gayya kan wanda ya kai ƙara ita ma laifi ce mai zaman kanta. Abin da zai ja maka shi ne ka fusata ka zage shi ko ka yi masa barazana a dakatar da kai.

Ka sami littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, ainihin kalmomin da ya faɗa, da waɗanda ke zaune kusa da kai. "Yana ƙina" ba hujja ba ce. "Ranar Talata ƙarfe 10 ya maimaita maganata sau biyu da murya irin tawa" hujja ce. Ka aika masa imel cikin ladabi ya bayyana yadda aka kai ga C bisa ma'aunin da ke cikin takardar tsarin darasi, ka nemi abokin aikinka ya ba ka kwafin tasa takardar in ya yarda. Kada ka naɗi muryarsa a ɓoye, a jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida sai da yardar kowa.

Daga nan ka je wurin shugaban sashe ka nemi a mayar da kai wani aji na darasin, wurin wani malami. Ka rabu da shi, kiredit ɗinka na nan 12. Ƙorafin maki hanyarsa daban, wa'adinsa kuma gajere ne, ka duba littafin dokokin ɗalibai yau. Ƙorafin wariya kuma ka kai shi a rubuce ga ofishin da kwalejin ta ware don haka, ka riƙe kwafi mai kwanan wata.

In sun yi ta jan ƙafa, akwai ofishin kare haƙƙi na Ma'aikatar Ilimi ta tarayya, OCR. Kyauta ne, ba sai da lauya ba. Amma a watan Maris na 2025 an rufe bakwai cikin rassansa 12, don haka kada ka sa ran amsa da wuri. Wa'adin shigar da ƙara kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, ko kwana 60 bayan kwalejin ta kammala nata binciken. Ka ƙirga kwanakin ka rubuta ranar a bangon littafin nan naka.