Amsa ga mai Camry: a buɗe injin jiki ko a sayo Beljiyam?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure barkanmu da yamma, ya aiki, ya iyali. Ƙanena mai Camry, na saurari muryarka tun da hantsi, hannuna ne a cikin baƙin mai shi ya sa ban amsa ba sai yanzu da muka rufe gareji. Ku yi haƙuri, maganar za ta ɗan ja.

Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi motarsa Camry ce ƙirar 2008 mai fulogi huɗu, tana shan baƙin mai, in ya je Kaduna ya dawo Kano sai ya ƙara kusan lita guda, kuma in ya taka ta a hanya sai shuɗin hayaƙi ya biyo salansa. Ya kai wa bakanike ɗaya, ya ce a sauke a sayo injin Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a huta. Ya kai wa wani, ya ce rin kawai za a sa mata, wato sababbin zobban fistan. Na bi shi ta gefe na tambaye shi ko ta taɓa tafasa, ya ce a'a. Ko tana ƙwanƙwasa daga ƙasa, ya ce babu. Ko jar fitilar mai tana kamawa in ta yi zafi tana tsaye a kunne, ya ce bai taɓa gani ba.

To ƙanena, bisa waɗannan amsoshi naka guda uku, ni da tawa ce buɗe ta zan yi. Bari in gaya maka dalili, don kada ka ɗauka son aiki ne irin na bakanike.

Injin da ke cikin motarka sunansa 2AZ-FE, lita 2.4 ne. Inji ne mai juriya, sarƙa gare shi a taimin ba bel ba, amma na shekarun 2007 zuwa 2009 an san su da wannan ciwo na shan mai tun daga can inda aka ƙera su. A jikin fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin silinda, akwai zobe na ƙasa, aikinsa ya share mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ramuka. In mai ya ƙone ya daskare a wurin, ramukan su toshe, zoben ya maƙale a mazauninsa, sai man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Shi ne shuɗin hayaƙin da kake gani. Kamfanin Toyota da kansa ya fitar wa dilolinsa na Amurka da sanarwa a 2011 kan wannan matsala. Ma'aunin da suka sa shi ne, in mota ta sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, sai a canza mata fistan da zobba da sabon samfuri. Ka lura, fistan da zobba suka canza, ba inji suka jefar ba. Taka kuwa lita take sha a tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba, don haka ciwon ya yi nisa, amma dai shi ne ciwon.

Yanzu ka yi tunanin Beljiyam ɗin da za ka saya. Daga ina ya fito? Daga irin motarka ya fito, ta shekarun nan, wadda ta yi hatsari ko ta tsufa a can aka yanka ta. A Amurka daga ƙirar 2010 Camry ta koma wani injin daban mai lita 2.5. Ke nan duk wani 2AZ-FE da aka ciro daga irin Camry ɗinka ta Amurka ya haura shekara goma sha biyar a duniya, kuma ba ka san ko an taɓa canza masa fistan ɗin ba. Sai ka biya kuɗi masu yawa ka sayo ciwon da kake gudu. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, mutum ya ɗora inji, wata biyu ya dawo yana cewa Malam wannan ma sha yake yi.

Ga kuma tsada. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ya ƙetaro teku ya bi ta. Injin da da ake saya ba tare da dogon tunani ba, yanzu sai mutum ya yi shawara da matashin kansa. Kayan gyaran ma sun tashi, ban ce ba, amma fistan huɗu da zobba da mital (siraran ƙarafan da ke tare gogayya a ƙasan inji) da gaskit ba su kai kuɗin cikakken inji ba, ko da ka sayi na asali.

Sai dai kada kowa ya kwance noti ɗaya sai an yi gwaji. Wannan shi ne abin da bakanikai biyun nan ba su yi maka ba, kuma shi ya fi damuna a maganar. A cire fulogi huɗun a jera su yadda suke, a ga wanne ne ya jiƙe da mai. A ɗaura gejin auna matsi a kowane rami. A irin injinka bai kamata ya sauka ƙasa da wajen 142 ba a ma'aunin psi, kuma tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada tazarar ta wuce 14. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokali guda a sake aunawa. In ta tashi, zobba ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Amma ka sani, wannan injin yakan ba da matsi mai kyau alhali yana shan mai, saboda zobban sama lafiyarsu lau, na ƙasa ne ya maƙale. Don haka in geji ya nuna lafiya kada a ce maka ai ba komai. Sannan a duba ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin inji, wanda ake kira PCV, abu ne ƙarami mai araha, in ya lalace shi kaɗai yana iya jan mai. A leƙa ƙasa kuma a tabbatar ba yoyo take yi ba. In hayaƙin da safe ne kawai yake fita sai ya ɗauke, to robar bakin bawul ce, wannan aikin top silinda ne kaɗai, wato kan injin inda bawul suke.

Yanzu in zo ga wanda ya ce rin kawai. Ƙanena, a nan ake kashe mota. Abin da yawancinmu ke kira rin shi ne a zare fistan, a kankare shi da tsohon zobe, a sa sababbin zobba na bogi, a shafa gam a rufe. Wata uku hayaƙi ya dawo, sai mutane su ce ai buɗe inji ba alheri. Gyara na gaskiya awo ne. A auna ramin silinda sama da tsakiya da ƙasa a ga ko ya buɗe ko ya karkace. A auna kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa a ƙasan inji, in ya ci a kai shi girandin, wato a goge shi a inji, a sa mital daidai da sabon girmansa. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar top silinda a ga ko ta lanƙwashe. A sa sabon fistan, ba tsohon da aka wanke ba. A duba famfon mai da sarƙar taimin da robobin da take gudu a kansu tunda an riga an buɗe.

Akwai wani abu da ya keɓanta da wannan injin, ka riƙe shi da kyau. Jikinsa alminiyom ne, sai siririn ƙarfe da aka zuba a bangon silinda. Saboda rashin kaurinsa, kamfanin bai yarda a yi masa borin ba, wato a faɗaɗa ramin silinda, kamar yadda muke yi wa tsohon injin Golf mai jikin ƙarfe. In an buɗe aka tarar bangon ya karce da zurfi har farce yana maƙalewa, to lissafi ya canza, zan dawo kan wannan. Haka kuma notukan da ke ɗaure top silinda, guda goma ne, a cikin alminiyom suke shiga. Irin na 2002 zuwa 2006 an san su da ɓarkewar haƙoran ramin, musamman na baya, har ruwa ya fara tsiyaya ta can. Naka ya fi waɗancan, amma duk da haka in yaro ya ɗauki doguwar sufana ya sa bututu ya hau kai, zai ɓarke shi. Ka tambayi bakaniken kai tsaye: Maigida, kana da sufanar awo, mai nuna ƙarfin da aka ɗaure noti? In ya ce hannunsa ya saba, ka gaishe shi cikin mutunci ka ɗauke motarka.

To yaushe Beljiyam ya fi? Don ni ban haramta shi ba, ina ɗorawa kusan kowane wata. In inji ya yi nokin, wato ƙwanƙwasar nan daga ƙasa, har mital ya juya ya ci mazauninsa, ko sandar fistan ta fasa jikin inji, babu zancen gyara. In ya tafasa sosai har ya mutu a hanya, ruwa ya haɗu da mai ya zama kamar kunu, wannan alminiyom ɗin ya riga ya murɗe, ko an gyara zuciyarka ba za ta kwanta ba. Haka in an taɓa buɗe shi sau biyu a hannu daban-daban. Haka in motar ita ce abincinka, irin masu jigila, inji ana ɗora shi kwana ɗaya zuwa biyu, gyara na gaskiya kuwa ka ba shi mako ko fiye. Kuma in a garinku babu bakanike mai awo, wallahi gara ka sayi Beljiyam da ka ba mai gam. Akwai ma hanya ta tsakiya da mutane ke mantawa, rabin inji. In ƙasan ne ya mutu, sama lafiya, sai ka sayi ƙasan kaɗai a ɗora top silindarka a kai.

In ta kai ga saye, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo a Legas, kada ka je kai kaɗai. Ni kaina an taɓa sayar min da inji da sunan yanzu ya sauka daga kwantena, ashe na gida ne aka wanke da fetur aka fesa masa fenti. Kuɗin na mai mota ne, ya ba ni amana, sai da na cika daga aljihuna, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun daga ranar, injin da ya cika ƙyalli tsoronsa nake ji. Ka duba kan notuka ko sufana ta taɓa cin su, ka duba ko gam ya tsatso ta gefen haɗi. Ka sa a buɗe murfin sama, in ka ga baƙin datti kamar kwalta ka bar shi. A cire kaskon mai na ƙasa a shafa yatsa, in akwai ɓurɓushin ƙarfe mai walƙiya ka bar shi. A juya kiranshaf da hannu a ji ko yana zagayawa sumul. Sannan ka karanta rubutun da aka buga a jikin injin da idonka. Akwai 1AZ mai lita 2.0, daga waje kamar tagwaye suke da naka. Akwai kuma mai FSE a ƙarshe, wanda ake kira D-4, da ake cirowa daga Avensis ta Turai, tsarin mansa daban ne, ba zai yi magana da ƙwaƙwalwar motarka ba. Ko 2AZ ɗin ma, in daga RAV4 ko Highlander ya fito, sai an mayar masa da wasu kayan jikin naka.

Garantin da suke bayarwa na 'yan kwanaki ne, to a rubuta shi a rasit tare da lambar injin. Wannan rasit ka adana shi, ka je ofishin lasisin mota a gyara lambar a takardunka, don kada wata rana a tsare ka a hanya ana tambayar inda ka samo inji.

Ko wanne ka zaɓa, akwai abin da in ba a gyara ba duk asara ce. Lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. A wanke shi ko a canza, a mayar da tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin inji, in an cire, a daina haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya ba ruwan rijiya ba. Baƙin mai kuma, wannan injin siririn mai aka yi shi da shi, irin 5W-20 ko 5W-30. Na san za a ce maka ka zuba 20W-50 hayaƙin zai ragu. Zai ɗan ragu, amma da safe mai kaurin nan yana jinkirin isa sama, kuma ramukan da suka toshe ba zai buɗe su ba. In an gama gyara, kilomita 1,000 na farko ka bi ta a hankali, ban da lodi, ban da tsere a hanyar Zariya, sannan ka zubar da man ka canza filta. Ka sa a duba tukunyar salansa da na'urar da ke shinshinar hayaƙi, don man da ta daɗe tana ƙonawa yana toshe su.

Abu na ƙarshe, ka dubi sauran motar kafin ka zuba kuɗi. In giyarta tana fizga ko tana jinkirin shiga, ko ƙasanta ya ruɓe, ka gaya min gaskiya, don lissafin zai zama wani daban. In kuwa giya lafiya, bodi lafiya, wannan mota tana da sauran shekaru a gaba in Allah ya yarda.

Kafin a yi gwajin nan, kullum da safe ka zaro sandar mai ka duba, ka ajiye lita guda a but, kada ka bari ya sauka ƙasa da alamar ƙasa ko sau ɗaya, don da zarar ta yi nokin duk maganar da na yi ta rushe. Gobe ka je a auna, ka turo min lambobi huɗun nan da hoton fulogin a jere, daga na ɗaya zuwa na huɗu. Ana kiran magariba, bari in yi alwala. Sai na ji ka. Wassalamu alaikum.