Hukuncin hasashen dokin da zai ci tsere da sayar da lambobi ga 'yan PMU

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga Maraɗi nake rubuto maka. Cikin dawaki na tashi, yanzu kuma ina bin tseren Faransa da ake buga PMU, wato cacar tseren dawaki, a kansa. Nakan duba takardar tsere, in ga yadda kowane doki ya yi a fitowarsa ta baya, da mahayinsa, da nisan fili, sai in fitar da lambobi biyar. Ko dala ban taɓa sawa a caca ba, amma akwai waɗanda nake tura wa lambobin ta WhatsApp suna biyana duk wata. Wani ya ce bokanci nake yi, wani ya ce ilimi nake sayarwa kamar kowane ilimi. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wanda ya kira ka boka bai yi maka adalci ba. Boka shi ne mai da'awar sanin abin da ke ɓoye ta hanyar aljanu ko taurari ko bugun ƙasa. Wanda ya dubi ƙirjin doki da ƙafafunsa da numfashinsa ya ce "ina zaton wannan zai zo gaba", da sababi na zahiri ya yi magana, kamar manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce yau za a yi ruwa. Shari'a ma ta san wannan ilimi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Na farko mil biyar ne ko shida, na biyu mil ɗaya. Horon da ake nufi shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi gumi har tsokarsa ta ɗaure. Ba a raba nisan nan ba sai don an san wane doki ne zai jure, wane ne zai gaza. Saboda haka hasashe a bakin fili ko a majalisa, babu kuɗi a ciki, ba laifi ba ne, matuƙar zato aka ce ba yanke hukunci ba. Taguwar Annabi mai suna Adba'u ba a taɓa wuce ta ba, sai ga wani Balaraben ƙauye a kan ɗan raƙumi ya wuce ta, har abin ya yi wa sahabbai ciwo. Allah ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman: rai bai san abin da zai aikata gobe ba.

Amma ka kula. Da yawa cikin masu wannan harka sukan je wurin mai duba a fitar musu da lamba, ko su mayar da mafarkinsu lamba. Wannan kam bokancin ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa dare 40.

Matsalarka tana wajen kuɗin. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito ya ce babu ladan tsere sai a kibiya ko raƙumi ko doki. Mutane sukan riƙe wannan hadisi su ce ai an halatta kuɗi a tseren doki. An halatta, amma ga wa? Ga mai tseren, don a ƙarfafa shi a kan hawa da kiwon doki. Ka buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasarmu ke karantawa a zaure, ka ga yadda Imam Malik ya ƙuntata abin: mutum ɗaya ne zai fitar da kyautar, in wani ya wuce shi ya ɗauka, in shi ya zo gaba ba ta komawa aljihunsa, sai ta tafi ga wanda ke biye da shi, in kuwa su biyu ne kaɗai, waɗanda suka halarta su ci. Maganar su biyu su zuba kuɗi su sa na uku a tsakani wanda bai zuba komai ba, Risala ta jingina ta ga Sa'idu ɗan Musayyib. Kyautar da sarki ko hukuma ko attajiri ya sa daga aljihunsa, irin dalar Amurka miliyan 20 da Saudiyya ta sa a babbar gasarta ta dawaki tun 2020, malamai ba su yi saɓani a kan halaccin irinta ba. To in Malik bai yarda mahaya biyu da ke kan sirdi su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe ba, ina ga mutumin da ke zaune a Maraɗi yana sa kuɗi a kan dokin da ke gudu a Paris, bai taɓa ganinsa ba, bai ba shi ko damin harawa ba?

Tsarin PMU kuwa a fili yake. A Faransa aka kafa shi a 1930, aka ƙirƙiro wasan zaɓen dawaki uku a 1954, daga baya aka kai biyar. Ana tara kuɗin duk masu bugawa wuri ɗaya, kamfani da gwamnati su cire nasu kaso, a raba sauran ga waɗanda lambarsu ta fito. Ke nan duk jikar da wani ya ci, jikar waɗanda suka faɗi ce. Wannan shi ne maisir da Allah ya haɗa da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, a nisance shi. Lasisin gwamnati ba ya halatta shi. Ƙwarewa ma ba ta fitar da shi daga caca, domin illar ba rashin ilimin mai bugawa ba ce, cin dukiyar wani ne ba da ciniki ko aiki ko kyauta ba. Wasu kan kafa hujjar halacci da faren da Sayyidina Abubakar ya yi da Ƙuraishawa a kan nasarar Rumawa. Mafi yawan malamai sun ce wannan kafin a haramta caca ne, waɗanda suka bar shi a kan halacci kuma sun taƙaita shi ga abin da ke ɗaukaka addini.

Yanzu ka tambayi kanka, lambobi biyar ɗin nan, wane amfani suke da shi in ba a kai su wurin mai yankan tikiti ba? Babu. Mai biyanka ba tarihin doki yake saye ba, hanyar cin caca yake saye, kuma kai ka san haka. Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Annabi ya umarci wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" da ya yi sadaka, a kan furuci kawai. Kai kuwa kullum kana aika saƙon da ke tayar da mutum ya nufi caca, wataƙila da kuɗin cefanen gidansa. In ya ci, ka ƙara masa kwaɗayi. In ya faɗi, ka karɓi kuɗinsa a kan iska. Don haka sayar da lambobin haramun ne, ba da su kyauta ga wanda ka san bugawa zai yi shi ma haramun ne, ko da hannunka bai taɓa tikiti ba.

Abin da ya wajaba a kanka: ka rufe zauren WhatsApp ɗin, ka gaya wa mutanen dalili, ka tuba. Kuɗin watan da aka biya ka ba ka cika ba, ka mayar wa masu shi. Abin da ka riga ka ci cikin rashin sani, muna fatan tuba ta shafe shi. Abin da ya rage a hannunka, ka fitar da shi ga mabukata da niyyar tsarkake dukiya. Sanin dokin da Allah ya ba ka kuwa yana da kasuwa ta halal: mai son sayen ingarma yana bukatar wanda zai duba masa haƙori da kofato, masu barga suna bukatar mai horo, kuma ladan da za ka karɓa a kan wannan babu shubuha a cikinsa.

Allah ne mafi sani.