Tambaya da Amsa: Tayil zan fara zubawa ko kwano zan duba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gaji gida daga mahaifina a Ƙofar Marusa, ɗakuna shida da banɗaki ɗaya, ginin ya haura shekara 30. 'Yan haya sun tashi. Ɗana ya ce mu zuba tayil, mu yi silin na zamani da fenti mai sheƙi, kuɗin haya zai ninka. Abin da ke hannuna kuwa ba zai kai ko'ina ba. Ta ina zan fara?
Wata Hajiya, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Ki ce wa yaron nan ya ɗan dakata, domin na taɓa yin abin da yake so, na kuma ji a jikina.

Wani gida ne da nake kula da shi a Sabuwar Unguwa. Muka zuba tayil, muka yi fenti ruwan madara, duk wanda ya leƙo zaure sai ya ce masha Allah. Ruwan Agusta na sauka, silin ɗin ɗakin tsakiya ya rufto kan katifar ɗan haya. Da kafinta ya hau sama, ƙusa ya ɗauka ya soka a jikin rafta, ta shige kamar a cikin tuwo. Ashe gara ta cinye katakon tun tuni, ɓawo kawai ya rage. Sai da na biya katifa, na sake rufi, na kuma sake fentin da ruwa ya zana wa taswira.

Don haka kafinta za ki fara kira, ba mai tayil ba. Ya hau da fitila da rana tsaka, duk inda haske ya ratso kwano, nan ruwa zai bi. A canza katakon da ya mutu, sabon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora.

Daga nan ki sa magini ya zagaya gindin bango. In kika ga filasta tana kumbura tana zubar da farin gari kamar kanwa, laima ce ke hawowa daga ƙasa. Fenti ba ya maganinta, cikin wata biyu zai kwaile. A sassaƙe wurin har a ga bulo, a bar shi ya sha iska, a nemo inda ruwan ke kwanciya. Sau da yawa indararo ne ke zuba a gindin gini, ko kwatar lungu ta toshe, ko daɓen tsakar gida ya karkata ciki maimakon waje.

Banɗaki ɗaya ga ɗakuna shida kuwa, nan rigimar gidan haya take kwana. Ma'aikaci mai iyali, ko ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, in ya zo da dillali, tambayarsa ta farko ita ce ruwa, ta biyu banɗaki, ta uku mitar wuta. Ban taɓa jin wanda ya fara da silin ba. Da ni ne, zan raba gidan kashi uku, kowane ciki da falo da banɗakinsa, a haƙa sabon sokawe nesa da rijiya, a ɗora tanki don ranar da ruwan famfo na dam ɗin Ajiwa bai zo ba. Kowane sashe da mitarsa mai kati, ki huta da shari'ar wa ya kunna hita.

Kafin a rushe bango ko a ƙara ɗaki, a je hukumar tsara birane ta jiha a nemi izini, a kuma sanar da maƙwabta, gidajen cikin gari bango ɗaya suke jingina. Aikin rufi da haƙa a yi shi da rani, a gama kafin Yuni.

In kuɗi sun yi saura, a sa tayil a banɗaki da kicin, mai kaushi, kada santsi ya kayar da tsohuwar wani. Ɗakuna daɓen siminti mai kyau ya ishe su bana, kuɗin hayar shekarar farko su sayo sauran.