Tambaya da Amsa: Laburaren na nan, manhaja ta ce ba ta gan shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na harhaɗa wata manhaja a Fedora (wani nau'in Linux), na girka ta ba tangarɗa. Da na kunna ta sai ta ce "libmisali.so.2: cannot open shared object file". Ga fayil ɗin kuwa zaune a /usr/local/lib, da idona na gan shi. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kai ka gan shi, amma mai nemansa bai gani ba. Mai neman shi ne ld.so, wanda ke ɗauko laburare (fayilolin .so da manhaja ke dogaro da su) duk lokacin da aka kunna manhaja, kuma ba ya bin jakunkunan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Yakan fara da RPATH, wato jerin jakunkunan da aka rubuta cikin manhajar, sai LD_LIBRARY_PATH, jerin da mai amfani ke saitawa da kansa, sai RUNPATH, wanda shi ma cikin manhajar ake rubuta shi, sai jerin da ke /etc/ld.so.cache, daga ƙarshe /lib da /usr/lib, ko /lib64 da /usr/lib64. Idan akwai RUNPATH, ba ya ko kallon RPATH.

Debian da Ubuntu sun riga sun sa /usr/local/lib cikin lissafi, Fedora ba ta sa ba. Ka buɗe sabon fayil, /etc/ld.so.conf.d/local.conf, ka rubuta layi ɗaya tak: /usr/local/lib. Sunan fayil ɗin ya ƙare da .conf, in ba haka ba ba za a karanta shi ba. Sannan ka buga `sudo ldconfig`. A nan mafi yawa ke tuntuɓe, domin ld.so ba ya karanta fayil ɗin da ka rubuta, jerin da ldconfig ya sabunta kawai yake dubawa. Ka tabbatar da `ldconfig -p | grep misali`, sannan `ldd` a kan manhajar. Kalmar "not found" ta ɓace.

Wani abu da ke ruɗa mutane: `-L` da ka ba gcc, mai harhaɗa manhajar, don nuna masa jakar laburaren, ya gama aikinsa tun lokacin harhaɗawa. Ba ruwansa da lokacin kunnawa.

Tambaya: Ni ba ni da ikon root, wato ikon mai gudanar da tsarin, a sabar da nake aiki. An ce in sa LD_LIBRARY_PATH cikin .bashrc, fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da na buɗe wurin buga umarni. In yi?

Amsa: Don gwaji, ba laifi, amma a layi ɗaya da manhajar: `LD_LIBRARY_PATH=$HOME/lib ./manhaja`. A .bashrc kam ba mu ba ka shawara ba. Duk abin da ka kunna zai gāje shi, wata rana tsohon laburarenka ya sha gaban na tsarin, wata manhaja da ba ta san hawa ba balle sauka ta tsaya cik. Manhajoji masu setuid, wato masu aiki da ikon mai fayil ɗin, ba sa kula shi, sudo ma share shi yake yi. Kuma idan alamar `:` ta rage ita kaɗai a farko ko ƙarshen LD_LIBRARY_PATH, ld.so zai nemi laburare a duk jakar da kake tsaye, wanda haɗari ne ga tsaro.

Abin da ya fi, ka rubuta hanyar cikin manhajar da kanta wajen harhaɗawa: `-Wl,-rpath,'$ORIGIN/../lib'`. $ORIGIN na nufin jakar da manhajar take, don haka ko ka kwashe su gaba ɗaya zuwa wani wuri za su yi aiki. Kada ka manta alamomin ' ɗin nan biyu. A cikin Makefile (fayil ɗin umarnin harhaɗawa) kuma $$ORIGIN ake rubutawa. Idan an riga an harhaɗa ta, `patchelf --set-rpath` zai gyara, ka duba sakamakon da `readelf -d`.

In har yanzu ta ƙi, `LD_DEBUG=libs ./manhaja` zai zayyano maka kowace jaka da aka leƙa. Wataƙila ka tarar .so.2 ake nema, kai kuwa .so.3 gare ka. Kada ka yi wa ɗaya mahaɗi da sunan ɗayan: an canza lambar ne don ba su dace da juna ba. Nemo .so.2 ɗin, ko ka sake harhaɗa manhajar.